Haƙuri daban, sakaci da jiki daban

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan la'asar na je gaida wani maƙwabcinmu, dattijo mai saida hatsi a babbar kasuwa, na iske shi kwance bisa tabarma, hannun dama da ƙafa ba su motsi, baki ya karkace, ɗiyarshi na ba shi kunu da cokali rabi na zuba a wuyan riga. Wallahi har yanzu abin bai bar raina ba.

Bawan Allahn nan tun da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023 hanyar Ɗan Issa ta tsaya jarinshi ya karye, ga iyali ga bashi, sai kuma ruwan damanar 2024 ya zo ya kada mashi ɗaki biyu, tun daga nan barci ya ƙaurace mashi, kullum ciwon kai da jiri, sai ya tsaida yaran nan masu yawo da magani cikin rana ya sayi ƙwaya biyu ya kora da shayi ya koma rumfa. In aka ce Baba je likita a auna maka tansiyo sai ya ce a bar ma Allah. Ashe hawan jini ne ke cin shi.

Don Allah mu daina kiran wannan haƙuri. Wa ya kai Annabi Ayuba (AS) haƙuri? Amma ya kai kukanshi ga Ubangiji ya ce cuta ta same ni, kuma da waraka ta zo sai da aka umurce shi ya bugi ƙasa da ƙafa, ya yi wanka da ruwan ya sha. Abdullahi ɗan Amr ma ibada yake, azumi kullum tsayuwa duk dare, Manzon Allah (SAW) ya ce mashi jikinka yana da haƙƙi a kanka. In ibada ba ta zama hujjar wahalar da jiki ba, ina ga tunanin bashi?

Na san ana cikin matsi, nima ina ciki. Amma awon tansiyo ko minti biyar ba ya kaiwa, kuma hawan jini sau da yawa ba ya ba da alama sai ya kada mutum. Wanda aka ɗora bisa magani kar ya aje don ya ji sauƙi. Iyayenmu mata a rage gishiri da dunƙule a miya, ga zogale nan ta gulbi da araha, kuma ke uwa da kike tura ma yara tuwon ki kwana da ruwa, ki ci ko loma biyar ce, in kin faɗi wa zai riƙe su?

Damuwa kuma a samu ɗan uwa ko liman a faɗa mashi, kar a haɗiye. Baban nan shekara biyu muna sahu ɗaya da shi ban taɓa zama na tambaye shi mi ke damunshi ba, wannan shi ya fi ci mani rai.

Ku sa shi cikin addu'a, jibi za a maida shi asibiti a fara gasa mashi ƙafar. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce.