Awa takwas ba su yi wa mai ɗaukar bindiga yawa ba

A jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, duk mai son ya soke ƙaramar bindiga a ƙugu, ya rufe ta da riga, ya shiga kasuwa, sai ya fara zuwa ofishin sherif, wato shugaban tsaro na gundumarsa, ya nemi takardar izini. Dole ya kai shekara 21. Za a ɗauki hoton yatsunsa, a binciki ko ya taɓa aikata babban laifi, ya sa hannu a duba bayanan lafiyar ƙwaƙwalwarsa. Kafin duk wannan, zai zauna aji na awa takwas, a koya masa inda doka ta yarda ya harba da inda harbin zai kai shi kurkuku, sannan a kai shi filin gwaji ya nuna ya iya saiti.

A 2025 'yan majalisar jihar na jam'iyyar Republican suka zartar da ƙudurin da zai sa wannan takarda ta zama ganin dama, ya kuma sauke shekarun zuwa 18. Gwamna Josh Stein ya hau kujerar na-ƙi a kansa a watan Yuni. A ganina gwamnan ne da gaskiya.

Masu goyon baya ba su rasa hujja ba. Sun ce gyara na biyu na kundin tsarin mulki, tun 1791, ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami, kuma haƙƙi ba a roƙonsa a ofis. Sun ce ɗan fashi ba ya bin layin neman lasisi, talaka mai kiyaye doka ne kuɗin aji da na takarda ke hanawa. Jihohi 29 sun riga sun bi wannan hanya, ciki har da Texas a 2021 da Florida a 2023. Vermont ma ba ta taɓa neman lasisi ba.

To amma Kotun Ƙoli, a hukuncinta na 2022 da ya rushe dokar lasisin ɗaukar bindiga ta jihar New York, ba ta haramta lasisi ba. Abin da ta hana shi ne jami'i ya ce sai ka gamsar da shi kana da wata buƙata ta musamman. Idan kuɗi ne matsalar, jiha ta ɗauki nauyin ajin mana. Don takalmi ya matse ba a yanke ƙafa.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗuwar wannan ƙuduri da abin da ya gabace shi. A 2023 majalisar ta soke takardar izinin sayen ƙaramar bindiga, duk da ƙin amincewar gwamnan lokacin, Roy Cooper. Dokar tarayya ta hana dillali mai lasisi sayar da irin wannan bindiga ga wanda bai kai 21 ba, amma ba ta hana maƙwabci ya sayar wa ɗan shekara 18 ba. Ke nan, in ƙudurin ya zama doka, yaron da bai gama sakandare ba zai iya sayenta a hannun wani, ba bincike, ya ɓoye ta a wando, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa zagi a bakin shago bai halatta harbi ba. Wannan a ƙasar da bindiga ta kashe sama da mutum 48,000 a 2021, fiye da rabinsu da hannunsu suka kashe kansu.

Mu ma mun san zafin wannan muhawara. A 2022, da 'yan bindiga suka addabi Zamfara, Gwamna Bello Matawalle ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. Ko a cikin wannan hali, maganar lasisi ya yi, da fom ɗin da za a cike a tantance mutum. Karolina ta Arewa kuwa ba ta da ƙauyen da aka tasa da tsakar dare, kuma a cikinta riƙe bindiga a fili, inda kowa ke gani, bai taɓa buƙatar wannan takarda ba.