Kasuwar ƙwallo ta game duniya, rabonmu ya maƙale a takarda

A zangon 2022 zuwa 2025, kuɗin da gasar Firimiyar Ingila ta karɓa daga gidajen talabijin na ƙasashen waje ya zarce na cikin gida, karo na farko tun da aka kafa gasar a 1992. Na wajen ya haura fam biliyan 5. NBC ta Amurka kaɗai ta sa hannu kan dala biliyan 2.7 na shekara shida. A nan wajenmu SuperSport ke riƙe da haƙƙin nuna wasannin, don haka mai gidan kallo a Fagge ko Tudun Wada da ke biyan DStv duk ƙarshen wata, da matasan da ke biyansa a bakin ƙofa, suna cikin masu biyan albashin 'yan wasan Arsenal, ko sun sani ko ba su sani ba.

Masu ƙungiyoyin ma ba 'yan gida ba ne. Roman Abramovich ya sayi Chelsea a 2003, iyalan Glazer na Amurka suka sayi Manchester United a 2005 da bashin da suka ɗora wa ƙungiyar kanta, Abu Dhabi ta karɓi Manchester City a 2008, Qatar ta karɓi PSG a 2011, asusun zuba jari na Saudiyya ya shiga Newcastle a 2021. Wannan kowa ya sani, kuma a kansa ake ta musu a majalisa. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne yadda ake lissafin cinikin ɗan wasa, alhali a nan ne Afirka ta shigo.

Idan ƙungiya ta sayi ɗan wasa fam miliyan 50 a kwantiragin shekara biyar, ba ta rubuta kuɗin gaba ɗaya a littafin shekarar. Miliyan 10 take rubutawa kowace shekara. Bayan shekara biyu darajarsa a littafi ta koma miliyan 30. In aka sayar da shi miliyan 40, an ci ribar miliyan 10 a takarda, duk da an sayar ƙasa da yadda aka saya. Chelsea ta ja wannan igiya har ta kusa tsinkewa, inda ta ba Enzo Fernandez da Mykhailo Mudryk kwantiragin shekara takwas da rabi a Janairun 2023, sai UEFA ta ƙayyade cewa ba za a raba kuɗin saye a kan fiye da shekara biyar ba. Shi kuwa yaron da aka samo da araha, ko aka raina a gida, kusan duk abin da aka sayar da shi riba ce tsantsa, kuma a shekarar ake rubuta ta. Dokar Firimiya ta wancan lokaci ta hana ƙungiya yin asarar sama da fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma an ga ta yi cizo: an zabge wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023/24. Saboda haka yaro ɗan shekara 18 mai arha ya zama abin da akanta ke nema kafin koci ya nema.

Daga nan aka samu kamfanonin da ke tara ƙungiyoyi a ƙasashe daban-daban. Masu Manchester City suna da Girona a Sifaniya, Troyes a Faransa, Lommel a Beljiyam, Palermo a Italiya da Bahia a Brazil. Amfanin a fili yake. Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, baƙon ɗan wasa sai ya tara wasu maki kafin ya samu izinin aiki a Ingila, kuma wasa a gasar ƙasar Turai na cikin abin da ke kawo makin. Sai a ajiye yaro a Beljiyam ya yi kaka biyu, in ya yi kyau a ɗauko shi, in bai yi ba a sayar. Tsarin yana da nasa ciwon: a 2025 an sauke Crystal Palace daga gasar Europa zuwa ta Conference saboda attajirin Amurka John Textor yana da hannun jari a cikinta da kuma Lyon, wadda ita ma ta samu gurbi a gasar Europa.

To ina rabon wanda ya raini yaron? Dokar FIFA ta tanadar masa abu biyu, kuma a ganina yawancin masu makarantun ƙwallo a arewacin Najeriya sun fi sanin jadawalin Firimiya fiye da waɗannan biyun.

Na farko kason haɗin kai. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa alhali yana da sauran kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 0.25 na farashin, daga 16 zuwa 23 kuma kashi 0.5. A ce makaranta ta riƙe yaro daga 12 zuwa ƙarshen shekararsa ta 17: kashi 1 na shekaru huɗun farko, kashi 1 na biyun ƙarshe, jimilla kashi 2. In aka sayar da shi yuro miliyan 20, rabonta yuro 400,000 ne. In aka sake sayar da shi bayan shekara uku, ta sake karɓa. In kuwa kwantiraginsa ya ƙare ya tafi kyauta, ba ta da ko sisi.

Na biyu diyyar horo, wadda ake biya idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru, da kuma sauyin ƙasa har zuwa shekarar da ya cika 23. Ana lissafa ta da matakin ƙungiyar da ta ɗauke shi. A Turai mataki na ɗaya yuro 90,000 ne kowace shekara, na biyu 60,000, na uku 30,000, na huɗu 10,000, kuma shekarun 12 zuwa 15 da farashin mataki na huɗu ake auna su. Yaron da muka ambata, in ƙungiya mai mataki na biyu ta ɗauke shi, diyyarsa yuro 160,000 ce. Amma in ƙungiya mai mataki na huɗu ce ta ɗauke shi, ba a biyan komai. Ta wannan ƙofa dillalai suka daɗe suna bi: a fara yi wa yaro rajista a wata 'yar ƙaramar ƙungiya, bayan 'yan makonni ya wuce inda aka nufa da shi tun farko. FIFA ta haramta hakan a 2020, tana ɗaukar sauyi biyu cikin mako 16 a matsayin abin zargi har sai an kawo hujja.

Kuɗin nan ba ya bin wanda ya yi wahala, wanda sunansa ke cikin rajista yake bi. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishin tace biyan kuɗi a Faris. Da zarar an yi ciniki, na'ura ke haɗa fasfon ɗan wasa, wato jerin ƙungiyoyin da ya taɓa rajista da su, daga bayanan da hukumomin ƙasashe suka shigar, a ba da 'yan kwanaki don gyara, sannan a raba kuɗi. Makarantar da ba ta da rajista da hukumar ƙwallo ta jiha da ta ƙasa, ko tana da ita amma ba ta shigar da sunan kowane yaro kaka bayan kaka ba, na'urar ba ta san da zamanta ba. Hoton yaro sanye da rigar makaranta ba hujja ba ne. Wadda ta tsallake wannan ma sai an binciki takardun kafa ta da masu ita, kuma sai tana da asusun banki da sunanta, ba da sunan koci ba. Ga matsalar shekarun haihuwa: in an rage wa yaro shekara uku a fasfo, an rikita lissafin shekarun da makarantar za ta nema. Sai kuma takardar yafewa, wadda dillali ke miƙo wa mai makaranta tare da ɗan abin hannu da jakar ƙwallaye, ya sa hannu ya bar haƙƙin diyyarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba na cikin masu cewa a hana yara fita. Dokar FIFA ta riga ta hana kai yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da 'yan keɓantattun yanayi. Ita ce ta sa Ahmed Musa, bayan ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars, ya jira har Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. Daga can ya tafi CSKA Moscow a 2012, sai Leicester a 2016 kan kusan fam miliyan 16. Tafiyar ta amfane shi ta amfani gida. Abin dubawa shi ne a wane zango farashi ke tashi, kuma wa ke tsaye a wurin lokacin da ya tashi.

Masu makarantar Right to Dream ta Ghana sun ba da tasu amsar a 2015 da suka sayi Nordsjaelland ta Denmark. Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima a Accra, ta nan ya bi: Nordsjaelland a 2018, Ajax a 2020 kan yuro miliyan 9, West Ham a 2023, Tottenham a 2025. Cinikin farko na Turai a aljihun waɗanda suka raine shi ya faɗa. Kunle Soname na Remo Stars ya sayi mafi yawan hannun jarin Feirense ta Fotigal a 2015, Shola Akinlade na Sporting Lagos ya yi irin haka da Aarhus Fremad ta Denmark a 2023.

Ƙungiyoyinmu na arewa, da yawancinsu gwamnatocin jihohi ke riƙe da su kuma shugabanninsu ke sauyawa da sauyin gwamna, ba sayen ƙungiya a Turai ne a gabansu ba. Abin da ke hannunsu ya fi haka arha: kwantiragin shekara uku ga matashin da ya fara haskawa maimakon na kaka ɗaya, sharaɗin kaso daga ciniki na gaba a rubuce cikin kowace yarjejeniyar sayarwa, da ma'aikaci guda wanda aikinsa kawai shigar da sunayen yara da bibiyar inda tsofaffin 'yan wasan ƙungiyar suka koma a kowace kasuwar musaya.