Injin Rataya a Kafaɗa

Wata safiyar hunturu, wani Bazazzagi mai walda ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ya tsaya a shagon wani Bakano mai sayar da kayan walda. A bakin ƙofa akwai yaron shago yana kakkaɓe ƙura daga kan kwalaye, yaron da Allah ya jarrabe shi da faɗin gaskiya a lokacin da ba a tambaye shi ba.

Bazazzagi: Salamu alaikum. Ina mai shagon, ko kuwa ya tafi ƙirga kuɗin jiya ne kamar yadda kuka saba?

Bakano: Wa alaikumus salam. Daga jin wannan gaisuwa na san bawana ne daga Zariya ya iso. Yaro, ba shi benci ya zauna, amma ka lura da shi kada ya tafi da shi.

Bazazzagi: Ubangidanka dai. Abin da ya kawo ni shi ne, na gaji da tsohon tiransifomana, wanda sai ƙarti huɗu sun kama kafin ya ɗaga daga ƙasa, kuma duk lokacin da na ɗana sanda a kan ƙarfe sai fitilun unguwa su yi ja, maƙwabta su fito suna Allah ya isa. Wani Alhaji ya ba ni aikin makarin bene na silba, wato farin ƙarfen nan mai sheƙi da ba ya saurin tsatsa, saboda haka ina son ƙaramin injin nan na zamani mai yin aiki biyu, wato waldar sanda da waldar TIG da ake yi da tsinke maimakon sanda, wanda zan rataya a kafaɗa in hau babur ɗina in tafi wurin aiki kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Bakano: Ka zo gidansa. Yaro, sauko da jan nan. Ɗaga shi da hannu ɗaya ka ji, Malam. Inbata ke nan, wato ƙaramin injin walda na zamani, nauyinsa bai fi kilo 6 ba, ga maɗaurin kafaɗa, ga fanka a ciki tana hura masa iska, kuma dubi abin da aka rubuta a jikin kwalin da manyan lambobi: amfiya 300, wato ƙarfin wutar da yake bayarwa.

Yaro: Alhaji, ai wanda ya sayi irinsa ranar Talata ya ce da ya auna...

Bakano: Kai, je ka duba ko an kawo wuta!

Bazazzagi: Bar shi ya tafi, ni ba da kwali nake ciniki ba. Mu a birnin ilimi an koya mana cewa a juya inji a karanta ɗan allon da ke bayansa. To, ga shi nan an rubuta amfiya 200, kuma a gefensa an sa kashi 30 cikin 100. Ka san ma'anar wannan, ko kuwa sai na buɗe maka aji?

Bakano: Ma'anarsa ita ce ragin da kamfani ya yi wa talakawa.

Bazazzagi: Allah ya shirye ka. Ma'anarsa ita ce, a cikin kowane minti 10, idan aka ƙure shi a amfiya 200, minti 3 kawai zai yi yana aiki, sauran minti 7 kuma hutawa zai yi har ya huce, in ba haka ba ya kunna 'yar fitilarsa ya ɗauke wuta da kansa. Wannan ba inji ba ne, ma'aikacin gwamnati ne.

Bakano: To, kai da kake ta wannan lissafi, da wace sanda kake aiki kullum? Ba 6013 ba ce mai kaurin milimita 2.5, wadda kuke kira geji 12? Ita wannan amfiya 70 zuwa 90 ta ishe ta. Ko ta milimita 3.2 ka ɗauka, da wuya ka wuce 130. A nan ƙasa-ƙasa injin zai wuni yana aiki, domin kafin ya yi zafi ka tsaya sauya sanda, ka tsaya buge kashin walda da guduma, ka tsaya amsa waya, ka tsaya gardamar ƙwallo. Ban taɓa ganin Bazazzagin da ya yi minti 10 cur yana aiki ba tare da ya tsaya yin bayani ba.

Bazazzagi: Wannan magana, duk da daga bakinka ta fito, akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. Mu koma kan TIG ɗin. Ina tocilan ɗinsa, wato abin da ake riƙewa a hannu a yi waldar?

Bakano: Tocila daban ake sayenta.

Bazazzagi: Ai ka ce injin yana yin aiki biyu.

Bakano: Yana yi mana, kamar yadda jaki yake iya jan amalanke, amma ba a haifarsa da amalanken. Yaro, kawo tocila, ka haɗo da tsinken tangistin da kofunan tangaran na bakinta. Ka ga wannan tsinken, Malam, ba ya narkewa ya shiga cikin aiki kamar sanda, domin sai zafi ya haura digiri 3,400 kafin ya narke. Shi wuta kawai yake riƙewa, kai kuma ka riƙa ɗiga wayar ciko da ɗaya hannun, a hankali, kamar mai ɗinkin hula. Kuma ka tuna tocilar a ramin jikin injin da ke da alamar ragi ake sa ta. Idan ka juya, bakin tsinken zai dunƙule kamar kan ashana, ka dawo nan kana cewa Kanawa sun cuce ka.

Bazazzagi: Kada ka koya wa kifi iyo. Wannan walda tun farkon shekarun 1940 aka ƙirƙiro ta a Amurka, a kamfanin ƙera jiragen sama na Northrop, inda Russell Meredith ya yi amfani da iskar hiliyam wajen haɗa maganiziyam. Sanda mai rufi kuwa, Oscar Kjellberg na ƙasar Suwidin, wanda ya kafa kamfanin kayan walda na ESAB a 1904, shi ne ya fito da ita.

Bakano: Madalla da tarihi. Shi Rasal ɗin ya gaya maka inda za ka samu gas?

Bazazzagi: Wane gas kuma?

Bakano: Agon mana. Ita sanda da rigarta take zuwa, rufin jikinta ne yake ƙonewa ya kare narkakken ƙarfe daga iska. TIG kuwa tsirara take, sai an lulluɓe ta da agon, in ba haka ba ɗinkin ya fito baƙi ƙirin, da ramuka kamar an yi wa gyaɗa ɓarin ƙwari.

Yaro: Alhaji, ba a kawo wutar ba. Amma in gas yake so, ai akwai tukunyar girkin Hajiya da aka kawo a cika.

Bakano: Ka ji irin yaran da ake bar mana. So kake a ji ƙararmu har Dala? Ba gas ɗin girki, ba oksijin, ba na kabon da ake sa wa wata irin walda mai suna MIG. Agon zalla. Jawo babbar tukunyar can ya gani.

Yaron ya mirgino tukunyar yana nishi, ta tsaya kusan daidai kafaɗar Bazazzagi. Shi kuwa ya kama wuyanta ya gwada jijjigawa, bai ce komai ba na ɗan lokaci.

Bazazzagi: Wannan ai ta fi buhun siminti nauyi. A wace kafaɗar zan rataya ta?

Bakano: Allah ya ba ka kafaɗa biyu. Amma in ka fi son ƙarama, akwai mai lita 10. Idan an cika ta sosai tana ɗaukar gas kamar lita 2,000, kai kuma kana sakin lita 8 a minti, ka ga awa 4 da 'yan mintuna ke nan tana hura maka, muddin yaronka bai manta ya bar ta a buɗe ya tafi cin abinci ba. Sai kuma agogon da ake ɗaura mata a ka domin daidaita fitar gas, shi ma daban yake, da tiyo.

Bazazzagi: Kai komai naka daban yake. To, na ji. Tunda zan kashe kuɗin nan, har tukwanen alminiyam na matan unguwa zan riƙa liƙewa in mayar da asarata.

Yaro: Wannan ba ya yin alminiyam.

Bakano: Wa ya tambaye ka?

Bazazzagi: Yaron nan ya fi ka tsoron Allah, kuma yanzu na tuna dalili. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, amma fatar da ke kansa sai ta haura 2,000, kuma wutar AC, mai kai da komowa, ita ce take fasa wannan fata. Naka kuwa ga shi an rubuta DC kaɗai, wato wuta mai bin hanya ɗaya. Ashe da na saya, da na narkar da tukunyar matar mai unguwa ta zube ƙasa alhali fatarta tana nan tana kallona.

Bakano: Ai shi ya sa nake da babban wansa mai AC da DC a ciki, sai dai shi kafaɗa ba ta ɗaukarsa da daɗi, aljihu ma haka. Bar wannan tukuna. Gidan Alhajin da za ka yi wa aiki, an ja masa wuta?

Bazazzagi: Sabon gini ne, ko mita ba a sa ba. Amma ina da ɗan janareta wanda nake kunna fanka da talabijin.

Bakano: Wannan ko sanda ka ɗana masa zai yi tari sau ɗaya ya mutu. In kana son ka ƙure injin nan, sai janareta mai kilowat 7 ko 8, mai daidaita wuta, domin inbata ba ya son wutar da ke hawa da sauka, allon cikinsa ne yake ƙonewa. Ina da shi, mai taya biyu.

Bazazzagi: Wato abin da yake buƙatar taya shi ma a kafaɗa zan rataya.

Bakano: Saura abu ɗaya. Ka ce a saman bene ne, kuma ga hunturu. Iska kaɗan ta isa ta kwashe agon daga bakin tocila, saboda haka sai ka kewaye wurin da tamfol. Sannan hular walda mai gilashi lamba 10 ko 11, domin na san ku da tabarau na kasuwa, ku kwana kuna kuka kamar an zuba muku yashi a ido. Sai giranda ta fiƙe tsinke, da burushin silba wanda bai taɓa baƙin ƙarfe ba, in ba haka ba makarin Alhaji ya yi tsatsa kafin damina ta fita.

Bazazzagi: Tsaya in ƙirga. Inji, tocila, tukunya, agogo, tiyo, janareta, tamfol, hula, giranda, burushi. Na shigo neman abin da zan rataya in hau babur, yanzu kana neman ka haɗa ni da a-kori-kura.

Bakano: Ƙanena yana da ita, tana bakin titi, kuma zai yi maka sauƙi har Zariya.

Yaro: Ai akwai sandar silba, 308, da ita ba sai an sayi gas ba.

Bazazzagi: Allah ya yi maka albarka, yaro, amma bututun Alhaji bai fi kaurin milimita 1 ba, sanda za ta huda shi ta mayar da shi sarewa. Na yanke shawara. Ba ni injin kaɗai da kwalin 6013 guda. Zan je in shawo kan Alhaji cewa silba ta tsufa, manyan mutane yanzu baƙin ƙarfe suke sawa a shafa masa fenti ruwan azurfa.

Yaro: Fentin ma muna da shi, galan da rabin galan.

Bakano: Yau shekara biyu yaron nan yana shagona, sai yanzu ya faɗi magana mai amfani. Ɗauko galan, ka haɗo da burushin fenti.

Bazazzagi: Burushin kyauta ne ko?

Bakano: Daban yake.