Ruwan Agusta ba baƙo ba ne a Nguru

Duk wanda ya san Nguru ya san cewa dogo ne ya raya garin. Tun 1930 layin da ya taso daga Kano ya iso nan ya tsaya, bayan ya ratsa Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. A da, da shi ake kwashe gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu zuwa Kano har Legas. Yau kuwa yaro na iya tsayawa bakin tasha ya gaji bai ji kukan jirgi ba. In an yi shelar an dawo da shi, kafin 'yan kasuwa su saba da ranakunsa ya sake ɓacewa, kuma uzurin ɗaya ne kullum: wai ruwa ya lalata layi.

Wane ruwa? Damina a nan gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, ƙarfinta kuma a Agusta. Haka take tun kafin a kafa ƙarfen farko. To don me za a riƙa yi mana kamar ta zo ba sallama?

Ga yadda layi ke mutuwa, don kada a raina mana hankali. Dogon nan ƙarami ne, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, kuma yana zaune ne kan tsakuwa da aka zuba bisa tudun ƙasa. Da hunturu iskar arewa maso gabas tana kwaso rairayi ta cusa shi cikin tsakuwar, ta toshe kwalbatocin da ke ƙarƙashin tudun. Tsakuwar da ta cika da rairayi ba ta tsane ruwa. Da bazara, a Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, ƙarfe ya miƙe. In 'yar tazarar da ake bari a mahaɗar ƙarfe biyu ta cushe, ko an sace kusoshin da ke ɗaure su, sai dogo ya karkace. Ruwan Agusta na zuwa ya tarar da kwalbati a toshe, ya taru gefe guda, ya jiƙa tudun, ya ci ƙasar da ke ƙarƙashi, ya bar ƙarafa na reto a sama. Daga nan direba ba shi da zaɓi, ko ya yi tafiyar hawainiya ko tarago ya sauka daga layi.

Duk wannan aikin rani ne, kuma aikin shebur da baro ne da sifana. A yashe kwalbati tsakanin Fabrairu da Mayu, a tankaɗe tsakuwa a ƙara sabuwa, a bi mahaɗa ɗaya-ɗaya a ɗaure. A da akwai leburorin da ke bin layi a ƙafa, kowace tawaga da yankinta. Ina suke? Sai layi ya karye sannan a zo da motoci da masu ɗaukar hoto, a kashe ninkin abin da gyaran rani zai ci.

Tafkin Nguru ma bai tsira ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan Kogin Haɗejia ya daina zuwa da irin ƙarfin da ke wanke hanyoyinsa, ya koma kwance shekara cur. Kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu abin da take so. Ta toshe hanyar ruwa ta Marma da ke shayar da tafkin, ta kori ruwa zuwa gonaki da ƙauyuka, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki da ke cinye shinkafa da gero, ga sauro. A 2000 aka sa wurin cikin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Sunan yana kan takarda, masunci kuwa da lauje yake sare wa kwale-kwalensa hanya.

Shi kuma in ya samu tarwaɗarsa ya banda ta, ya jera a kwali, sai ya miƙa wa babbar mota. Bandar kifi ba ta son jijjiga. Kowane rami a hanya yana farfasa na ƙasan kwali, a isa kasuwa da gari, dillali ya karya farashi, ga kuɗin mai, ga shingaye. Tarago ɗaya zai ɗauki abin da ƙananan motoci da yawa ke wahala da shi, kuma ya kai shi lafiya. Haka mai shanu, da dabbobinsa ke ramewa a tsaye cikin mota.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin Kano zuwa Maraɗi, da reshe zuwa Dutse. Madalla, ba mu baƙin ciki. Amma mu ba sabo muka roƙa ba. Wanda ke kwance tun zamanin kakanninmu muke so a yashe masa kwalbati kafin Yuni, a liƙa ranakun tashi da isowa a bangon tasha, a kuma cika su. In kuwa an yanke shawarar barin layin ya ruɓe ne, a fito a faɗa mana, mai kifi da mai ƙaro su daina lissafi da jirgin da ba ya zuwa.