Ɗumin ƙafa na yaudarar masu ciwon sukari

A Damagaram, in mai ciwon sukari ya shiga asibiti, tambayarsa da ta malamin asibiti ɗaya ce: nawa sukari ya kai yau? A soki yatsa, a karanta lamba, a rubuta magani. Takalmi kuwa na nan a ƙafa har ya fita. A ganina nan ake barin babban aiki, domin ɓarnar da ke kai mutum ga yanke ƙafa ba ta bayyana a ɗigon jinin yatsa.

Hanyoyin jini suna da tsoka a bangonsu, kuma akwai siraran jijiyoyi masu kai saƙo da ke sa su tsuke ko su buɗe ba da sanin mutum ba. Sukari in ya daɗe da yawa a jiki yana cin waɗannan jijiyoyi, yana kuma lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su, kowane na ƙara wa ɗan'uwansa ciwo. Kusan rabin masu cutar kan gamu da wannan lahani in shekaru sun tura.

A ƙafa abin ya fi yaudara. Ƙarƙashin fata akwai gajerun mahaɗai tsakanin hanyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi, jijiyoyi ne ke riƙe da su a tsuke. In jijiyoyin sun mutu sai mahaɗan su saki, jini ya riƙa yanke hanya. Ƙafa ta yi ɗumi, hanyoyin jinin bayanta su taso, mai ita ya ce alhamdulillahi jini na gudu. Alhali gumi ya ɗauke, fata ta bushe, faso ya tsaga dunduniya, balle da hunturu. Lafiyayye in ƙaya ta soke shi wurin kan yi ja, saboda jijiyar da ta ji zafin ita ce ke sakin sinadaran da ke buɗe hanya jini ya kawo ɗauki. Wanda jijiyoyinsa suka lalace ya rasa duka biyu: bai ji sukar ba, jini kuma bai ƙaru a wurin ba. Haka ƙaramin rauni ke zama gyambo. A tuna da dattijon da ke taka rairayin watan Afrilu ba takalmi daga gida zuwa masallaci, ko tsohuwar da ke kara ƙafa a kaskon wuta da asubahin sanyi.

Sai jiri. In mutum ya miƙe, dole hanyoyin jinin ƙafafu da ciki su tsuke nan take don jini ya isa kai. In saƙon bai je ba, jini ya taru ƙasa, ido ya yi duhu. Wanda jiri ke ɗiba in ya tashi daga sujada sai a ce masa rashin jini ne ko zafi ne. Gwajin kuwa ba wuya: a auna tansiyo, wato matsin jini, yana kwance, a sake aunawa cikin minti 3 da miƙewarsa. In lambar sama ta sauka da 2 ko fiye, misali daga 13 zuwa 11, akwai magana, kuma ya kamata likita ya sake duba maganin hawan jinin da yake sha, don wasu na ƙara tsananta abin.

Za a ce ma'aikata kaɗan ne, layi kuma dogo, daga asibitocin unguwa irin su Birni da Zango har babban asibitin ƙasa na Zinder. Gaskiya ne. Amma duba ƙafa da ɗan zaren roba mai matsin giram 10, don a gane ko tana jin taɓawa, minti kaɗan yake ci, jinyar gyambo kuwa watanni take cinyewa tare da dukiyar dangi. Ban raina auna sukari ba: wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 1993 ya nuna tsananta kula da shi ya rage lalacewar jijiyoyi da kusan kashi 60 cikin ɗari ga masu ciwon sukari nau'i na ɗaya, wanda ke tilasta allurar insulin. Sai dai wannan rigakafi ne, jijiyar da ta riga ta mutu da wuya ta dawo.

Saboda haka majinyaci kada ya jira a ce masa: da ya zauna gaban malamin asibiti ya cire takalmi da safa. A gida kuma, tun da ana wanke ƙafa a kowace alwala, a duba tafinta da tsakanin yatsu, a tsane, a shafa mai a dunduniya, sannan a taɓa ruwan ɗumi da gwiwar hannu kafin a zuba.