Sa hannu a fom ba shi ne ba da shawara ba

Duk shekara idan sunayen waɗanda suka samu gurbin jami'a suka fito, Facebook sai ya cika da barka da arziki. Yaro ya ci JAMB, dangi sun yi karo-karo an biya kuɗin rajista, an saya masa katifa da risho. Daga nan sai kowa ya watse. A ganina nan ne aikin yake farawa, kuma nan ne muka fi sakaci, iyaye da jami'o'in baki ɗaya.

Kowane sashe yana da malamin da aka ɗora wa kula da 'yan aji ɗaya, wanda ɗalibai ke kira lebul kodineta. Shi ya kamata ya zaunar da yaro ya nuna masa hanya. Amma ku tambayi ɗalibai, da yawansu ba sa ganinsa sai ranar sa hannu a fom ɗin kwasa-kwasai. Ban ɗora masa laifin duka ba. Mutum ɗaya an jibga masa ɗaruruwan yara, ga lakca, ga makin jarrabawa, wani ma yana fama da nasa digirin na uku.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne CGPA, wato matsakaicin darajar makin duk kwasa-kwasan da ɗalibi ya yi tun shigarsa jami'a. Yaro ya fito daga sakandare inda kowane zango yake cin gashin kansa, in ka faɗi yau ka gyara gobe, shi ke nan. A jami'a kuwa sakamakon semistar farko yana bin ka har ranar yaye. Maki 70 zuwa sama shi ne A, darajarsa 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, 4. Daga 50 zuwa 59 C ne, 3. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, sai kari-oba, wato maimaita kwas ɗin. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa ne daga 4.50. To ku yi lissafi da ni: ɗalibin kwas ɗin shekara huɗu da ya gama aji ɗaya da 2.00, in nauyin kwasa-kwasan kowace shekara ɗaya ne, ko da A zalla ya yi ta ci a sauran shekaru ukun, 4.25 zai tsaya. Ƙofar ta rufe tun bai san akwai ta ba. Wannan bayanin bai fi na minti goma ba, amma sau da yawa sai a aji biyu yaro yake jin sa, daga bakin abokinsa.

Ga kuma Turanci, wanda ba ma son faɗa. Yaron da ya yi makarantar gwamnati a ƙauye, inda malami ke karanta darasi da Turanci ya warware da Hausa, yau ga shi a bayan ɗakin lakca, lasifika tana ƙara, ba ya jin rabin abin da ake faɗi, kunya kuma ta hana shi tambaya. Ba daƙiƙi ba ne. Haka wadda ta nemi likitanci aka ba ta ilimin tsirrai, tana zuwa aji jiki ba ƙwari, babu wanda ya gaya mata ko akwai hanyar canza kwas, ko abin da za ta iya yi da wanda ta samu.

Maganar gaskiya, yayyen ɗalibai ne suke riƙe da yaran nan. Tutoriyal ɗin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da na ƙungiyoyin ɗaliban jihohi sun ceci mutane da yawa, Allah ya saka musu. Sai dai a cikin yayyen akwai masu cewa "aji ɗaya ba a wahalar da kai, a aji uku ake karatu." Wanda ya fara kama hannun yaro, shi zai bi.

Bikin maraba na yini ɗaya da jawabai ba zai wadatar ba. A raba 'yan aji ɗaya rukuni-rukuni tsakanin malaman sashe, a haɗa kowane rukuni da ɗalibin aji uku mai natsuwa. Da zarar sakamakon gwajin farko ya fito, a kira waɗanda suka faɗi kafin jarrabawa ta zo. A nuna musu yadda ake neman lamunin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka fara a 2024, domin wani yunwa ce ke kayar da shi.

Ku kuma iyaye, "ya karatu?" a waya ba ta isa ba, amsarta "alhamdulillahi" ce kullum. In semista ta ƙare ku ce a turo muku sakamakon ku gani, in ba ku gane ba ku kai wa wanda ya yi jami'a a unguwa ya duba muku.