Tuffa a Gotenbog, magogin goro a Funtuwa

Makon jiya maƙwabciyata, wata tsohuwa mai shekara tamanin da 'yan kai, ta kira ni shan gahawa. A nan Suwidin suna ce wa wannan zama fika: kyandir a kunne da rana tsaka, fararen kofuna, burodi mai kirfa, ga yayyafi a bakin taga ya ƙi ɗaukewa. Muna cikin hira ta ɗauki tuffa kore shar mai tauri ta gartsa mata cizo, ƙaras! Na bi ta da ido har ta lura. Ta ƙwanƙwasa haƙoranta da farce, ta ce babu nata ko ɗaya, duk dashe ne.

Kusoshin titaniyom huɗu aka kafa mata a muƙamuƙin sama, huɗu a ƙasa. Aka jira 'yan watanni ƙashi ya kama ƙarfen gam, sannan aka ɗaure jerin haƙora a kai. Ba irin na roba ba ne da ake cirewa da dare a tsoma a kofi. A garin nan ma abin ya samo asali: a 1965 likita Per-Ingvar Brånemark ya yi wa mutum na farko, ya kuwa ci abinci da su shekara arba'in.

Ni dai Baba na tuna. Bara da na je gida an kawo tsire, ya ɗauki yanka ɗaya yana ta juya shi a baki, daga baya ya faki ido ya ajiye. Goro ma sai an goga masa a magogi. Na ce, "Baba, a kai ka asibiti mana." Ya ce, "Ai tsufa ne, ɗan nan."

Wannan magana ce nake jayayya da ita. Mun mayar da wawulo kamar furfura, abin da ba a nema wa magani. Haƙori ya yi ciwo, a cire, shi ke nan. Amma kuɗin haƙorin Makka ba ya gagararmu.

Na san aikin yana da tsada, ko a nan ba kowa ke iyawa ba. Na kuma san asuwakinmu ya fi alawar da yaran nan suke cika jaka da ita duk Asabar. Amma yaran nan kyauta ake duba musu baki tun suna ƙanana, mu kuwa sai kumatu ya kumbura.

Daren nan na kira Baba na ce zan tara kuɗi a yi masa. Ya yi shiru, har na ɗauka layin ya yanke. Can ya ce in bar kuɗina, tuwo da fura ba sa son haƙori, in dai zo Babbar Sallah mu ci tare. Na ce in sha Allahu, alhali ban ko nemi hutu ba tukuna.